Alhaji, ku duba takardar tukuna kafin ku sayo kujera

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga nan Maradi ya aiko mini da tambaya. Ɗiyarsa tana shekarar ƙarshe a karatun haƙori a Kano. Shi kuwa ya riga ya ware mata ɗaki biyu a gidansa na bakin hanya, har ya fara tambayar kuɗin kujerar aiki. Sai wani ya ce masa ba za ta taɓa bakin kowa ba sai ta shiga ƙungiyar likitocin haƙori, wani kuma ya ce ƙungiyar nan karɓar kuɗi ce kawai, takardar makaranta ta wadatar. Yana son ya san maganar wa zai kama.

Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka, ku kuma ya saka muku da alheri. Uban da ya ɗauki nauyin ɗiya mace shekara shida a wannan karatu ya yi wa garin nan babban aiki, domin likitocin haƙori a ƙasarmu kaɗan ne ƙwarai, mafi yawansu kuma suna Yamai. Mutumin farko ya fi kusa da gaskiya, sai dai ya dunƙule abubuwa da yawa cikin kalma ɗaya. Na biyun kuwa, in kuka bi maganarsa, yarinyar ce za ta kwana a ciki.

Ku ƴan kasuwa ne, don haka bari in ɗauko misali daga hannunku. In kun sayo mota daga Kwatano, takardar saye tana nuna motar taku ce. Amma ba ta hau titin Maradi da wannan takarda kaɗai. Sai an biya duwan, an yi kart giriz, an sa lamba, an yanki asirans. Takardar jami'a kamar takardar sayen nan take: shaida ce yarinya ta yi karatu ta ci jarrabawa. Izinin sa ƙarfe a bakin ɗan Adam a ƙasar Nijar wani abu ne daban, kuma ba a ofis ɗaya ake samunsa ba.

Tambayata ta farko gare ku ita ce: me za a rubuta a kan takardar? Kada ku ga kamar na raina ku. Na sha ganin iyaye suna cewa ɗansu likitan haƙori ne, sai an buɗe takarda a tarar wani fanni ne na kusa. A Nijeriya digirin likitan haƙori shi ne wanda ake taƙaitawa BDS, shekara shida a jami'a, daidai da abin da mu da muka yi karatu a ɓangaren faransanci muke kira Doctorat en chirurgie dentaire, irin wanda ake bayarwa a Dakar, Abidjan ko Bamako. Akwai kuma karatun masu wanke haƙori da kula da dasashi, akwai na masu ƙera haƙoran roba da na ƙarfe a ɗakin ƙira, akwai na mataimakan da ke tsayawa kusa da likita suna miƙa kayan aiki. Duk sana'o'i ne masu daraja, ni kaina ba na iya yini guda ba tare da su ba. Amma kowanne da iyakarsa, kuma a Nijeriyar ma hukumomin da ke yi musu rajista daban ne da ta likitoci. Wanda ya karanci ƙera haƙori ba ya yin allura, ba ya cire haƙori, ba ya rubuta ordonas. In takardar ɗiyarku BDS ce, to mu ci gaba.

Hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Nijeriya ita ce MDCN, an kafa ta tun 1963. Ita ke tantance makarantu, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ce kuma ke sa sunan ɗalibi a kundinta tun yana karatu. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangayar haƙori, ɗalibanta suna koyon aiki a asibitin koyarwa na Aminu Kano. Ku sa yarinya ta tabbatar sunanta yana cikin kundin hukumar, domin ranar da aka rantsar da su ita ce ke ba su rajistar wucin gadi. Bayan nan sai horon shekara guda a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba mutum cikakkiyar rajista.

A kan wannan shekara guda nake roƙonku haƙuri. Na san zuciyar uba, yana so ranar da aka gama a ɗauko kaya a dawo gida, wataƙila ma akwai maganar aure da ke jira. Amma ɗalibin da ya fito daga makaranta ya cire haƙora ne da malami tsaye a bayansa. Bai taɓa zama shi kaɗai da daddare ba da mutumin da jini ya ƙi tsaya masa. Wannan shekara ce ke maida ilimin kai ya sauko hannu. In hali ya yi, ta yi ta a can. In ta gama, ta karɓo daga MDCN takardar shaidar cewa ba ta da wani laifin aiki a kanta. Duk hukumar likitoci ta wata ƙasa da za ta je gabanta, wannan takarda tana sauƙaƙa magana.

Yanzu mun ƙetaro iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, mun shigo gida. Digirin da aka samo a waje sai ƙasa ta amince da shi, ta ce ga matsayinsa a tsarinmu. Shi ne ekibalans. A Yamai ake yinsa, a ofishin OBEECS, wanda kuka sani da shirya jarrabawar BAC. Makarantun ƙasashen faransanci suna da gata guda a nan: yawancinsu suna ƙarƙashin CAMES, majalisar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, wadda ke da tsarin amincewa da digirorin juna. Nijeriya ba ta cikin CAMES. Wannan ba ya nufin digirin Kano ya gaza na Dakar, ko kusa. Abin da yake nufi shi ne za a duba dosiyenta filla-filla: asalin digiri, sakamakon kowace shekara daga jami'a, fassarar takardun zuwa faransanci daga mai fassara da aka rantsar, da hatimin hukumomin da ke tabbatar da cewa takardun ba na jabu ba ne. Ta karɓo duk waɗannan tun tana Kano. Sakamakon shekara-shekara musamman, neman sa bayan an baro makaranta wahala ce.

Akwai wani tarko da ƴaƴanmu masu karatu a Nijeriya ke faɗawa, kuma ba wanda ke gaya musu sai sun faɗa: suna. A takardar haihuwa ta meri an rubuta da rubutun faransanci, Aïchatou, Ousmane, Mahamadou. Yaro ya je Kano, mai rajista ya rubuta Aisha, Usman, Muhammad, ko ya ƙara masa sunan gari a ƙarshe. Wani lokaci ranar haihuwar ma ta bambanta, don ta gida hukuncin kotu ne da aka yi daga baya, ta makaranta kuma abin da yaro ya faɗa ne da baki. A wurinmu mutum ɗaya ne. A wurin ma'aikacin da ke riƙe da dosiye mutum biyu ne, kuma ba laifinsa ba ne in ya ƙi sa hannu, aikinsa ke nan. Na san yarinyar da ta zauna gida kusan shekara da digirinta a akwati saboda harafi uku. Gyaran suna a jami'a kafin a buga digiri abu ne na ƴan makonni. Bayan an buga kuwa sai rantsuwar kotu da zirga-zirga tsakanin ƙasa biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji. Yau ɗin nan ku ɗauko takardar haihuwarta ku kira ta, ta karanto muku abin da ke kan katin makarantarta.

Sai maganar da kuka tambaya, ƙungiya. A Hausa duk ƙungiya muke cewa, amma abu uku ne. Akwai sandika, kamar SYNPHAMED da ta haɗa masu farmasi, likitoci da likitocin haƙori. Aikinta kare haƙƙin ma'aikaci: albashi, alawus, yanayin aiki, yajin aiki in ta kama. Akwai ƙungiyoyin ilimi da zumunci, masu shirya taruka da fita duba haƙoran ƴan lakwal ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya. Waɗannan biyun ganin dama ne, wanda ya so ya shiga. Na ukun shi ne Ordre, kuma shi ba ganin dama ba ne. Doka ce ta kafa shi. A 1988 aka kafa Ordre guda da ya haɗa likitoci, masu farmasi da likitocin haƙori, daga baya kowane rukuni ya samu nasa. A Nijeriya ma haka rabon yake: NDA, wato ƙungiyar likitocin haƙori ta Nijeriya, ƙungiya ce kawai, MDCN kuwa hukuma ce. Ɗiyarku ta san wannan bambanci, ku tambaye ta.

Ordre ne ke riƙe da kundin sunayen waɗanda aka yarda su yi aikin haƙori a ƙasa. Wanda sunansa ya shiga ana ba shi lamba. Wanda ba ya ciki, ko digirinsa daga ina yake, in ya yi aiki ya karya doka. Dosiyen shiga irin wanda kuka saba ne: takardar neman shiga, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kaziye, wato takardar kotu ta shaidar rashin laifi, da bai wuce wata 3 ba, digiri da ekibalans ɗinsa, hotuna. Ta karɓi jerin daga ofishin da kansa, kuma ta bar kaziye a ƙarshe don kada ya mutu kafin sauran su kammala. Akwai kuɗin shiga, akwai na shekara-shekara. Wannan kuɗi ne mutuminku ya gani ya ce ƙungiyar ci ce.

Bari in gaya muku abin da kuɗin ke saye. Sandika tana kare likita. Ordre kuwa an kafa shi ne don ya kare maras lafiya daga likita, kuma ta haka ne yake kare sunan sana'ar. Shi ke riƙe da ƙa'idojin ɗa'a: sirrin maras lafiya ba ya fita daga ɗaki, ba a tallar kai kamar mai sayar da atamfa, ba a karɓar la'ada don an tura mutum wani wuri, ba a cire haƙorin da za a iya ceto shi don cirewa ta fi sauri. In likita ya yi ganganci, akwai inda talaka zai kai ƙara, a kira likitan gaban takwarorinsa waɗanda suka san aikin, ba zai ruɗe su da manyan kalmomi ba. Za su iya yi masa gargaɗi, su dakatar da shi, ko su goge sunansa. Haka kuma in an yi wa likita ƙazafi, misali maras lafiya ya rasu da ciwon da ya riga ya ci ƙarfinsa kafin a kawo shi, dangi suka ce allura ce ta kashe shi, lambar nan da dosiyen da ya rubuta su ne garkuwarsa. Ranar da irin wannan ta faru da wadda ba ta da rajista, ba wanda zai tambayi ko ta yi aikin daidai. Tambayar farko a komisariya ita ce wa ya ba ta izini.

Kuma ku duba garin da za ta yi aiki. Kun san masu shimfiɗa tabarma ranar kasuwa da kwalbar haƙora a gabansu. Kun san masu turara hayaƙi a baki su nuna wa mutum wasu fararen abubuwa a ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da haƙori har ya yi kogo. Mutane suna zuwa wurin waɗannan ne don ciwon haƙori ba ya jira, likita ya yi nisa, aljihu kuma babu. Ba na zagin maras lafiya a kan haka. Amma ni ne ke ganin abin da ke biyo baya.

Akwai wani saurayi da ba na mantawa, manomi daga wani ƙauye a kudancin nan. An cire masa turmin ƙasa a kasuwa, kan ya fita, saiwar ta karye ta zauna a ciki. Aka ba shi ƙwayoyi daga tiren masu yawo. Kwana biyar bayan haka ƴan'uwansa suka kawo shi. Ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar itace, harshe ya ɗago sama, yawu na zuba, baki ba ya buɗuwa ko yatsa biyu, numfashi sai ya zauna ya turo kai gaba. Irin wannan kumburi in ya sauka wuya yana toshe hanyar iska, in ya wuce ƙirji kuwa sai dai addu'a. Muka shiga da shi tiyata a daren, aka tsaga aka fitar da mugunya, aka ciro saiwar, ya yi kwanaki yana karɓar magani ta jijiya. Allah ya yi da sauran kwana. Mahaifinsa ya sayar da raguna biyu. Wanda ya yi masa aikin ba a san sunansa ba, ya naɗe tabarmarsa ya wuce wata kasuwa. Abin da ya raba ɗiyarku da wannan mutum a idon jama'a shi ne ita tana da suna a kundi, tana da lamba, tana da inda za a same ta gobe. In ta fara aiki babu rajista, da hannunta ta goge wannan bambanci.

Wani abin ma ba ya nuna kansa cikin kwana biyar. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma yankinmu yana cikin inda cutar ta fi yawa a duniya. Ƙarfen da aka cire wa mutum goma haƙori da shi, ana tsoma shi a ruwan roba ɗaya, zai iya raba musu cutar da ba za ta bayyana ba sai bayan shekara ashirin, lokacin da ciki ya kumbura ba wanda zai tuna da ranar kasuwa. Ita kanta ɗiyarku, in ba ta yi rigakafin ciwon hanta ba, allura uku ne, ta yi kafin ta fara aiki.

Wannan ya kawo mu ga ɗakunan da kuka ware. Shiga Ordre yana ba ta damar yin aikin likita. Buɗe kabine, wato wurin duba haƙori na kanta, kuwa izini ne na daban daga ma'aikatar kiwon lafiya, bisa dokar 1998 da ta tsara aikin lafiya mai zaman kansa. Dosiye yana bi ta ofishin lafiya na jiha, ana zuwa a duba wurin, ana jin ra'ayin Ordre. Kada ku sa bulo ko fenti sai ta zauna da masu dubawa sun gaya mata abin da suke nema, don rushe bango ya fi gina shi tsada. Ɗaki biyu da wuya su isa. Ana bukatar wurin jira, ɗakin aiki, makewayi, da wani wuri na daban da ake wanke kayan aiki, inda ƙazanta ke shiga ta gefe guda tsabta ta fita ta ɗaya gefen.

Kun fara da tambayar kujera, kowa ma da ita yake farawa, don ita ido ke gani. Ni da za ku bi tawa, otokilab za ku fara saye, tukunyar da ke dafa kayan aiki da tururi mai matsi, digiri 134 na minti 18. Tsohuwar tanda mai busasshen zafi da aka saba gani a asibitocinmu tana lalata injin huda haƙori, shi ya sa wasu ke goge shi da auduga kawai su sa a bakin na gaba. Sai kwamfuresa mai ba da iska marar mai, injin tsotse yawu da jini, tankin ruwa mai tsabta, da wutar da ba za ta yanke ana tsakiyar aiki ba, ko janareto ko sola mai ƙarfin ɗaukar kwamfuresa. Ku tambayi mai sayarwa wa zai gyara in ta lalace, kuma ina ake samun kayan gyaran. Kujera mai sauƙi da makanikin Kano ko Katsina ya san cikinta ta fi mai ƙyalli da za ta zauna wata shida tana jiran ƙaramin bututu daga Dubai. In za a sa injin hoton haƙori, shi ma da nasa izinin daga ARSN, hukumar da ke kula da abubuwa masu fitar da haske mai illa, kuma bangon ɗakin sai an yi masa kariya, balle gida ne da iyali ke kwana a bayansa. Allurai da audugar jini kuma ba a zuba su a bolar unguwa inda yara ke tona.

Abu ɗaya zan faɗa muku kai tsaye saboda girman da nake ba ku. Kuɗin naku ne, amma izinin da sunanta zai fito, alhakin kuma a wuyanta yake. Za a zo muku da shawara, a ce kafin ta gama takardu a ɗauko wani yaro mai hannu ya fara aiki, ko a ari takardar wani likita a rataya a bango ana ba shi wani abu duk wata. Kada ku karɓa. Likitan da ya ba da aron sunansa yana iya rasa rajistarsa, kabine kuma a rufe shi tun kafin mai shi ta zauna a ciki. Haka nan in ta fara, kada a auna ta da cinikin yini kamar shago. Wata rana za ta ce wa mutum haƙorinka ba ya bukatar komai, je ka riƙa goge baki, ta sallame shi bai biya ko dala ba. Wannan ranar ta yi aiki mai kyau.

Da ɗiyata ce, ba zan bari ta buɗe kabine a shekarar farko ba, ko da takardu sun cika. Zan so ta yi serbis sibik ko ta nemi zama a sashen haƙori na babban asibitin jiha ko asibitin Référence, kusa da wanda ya daɗe a aikin. Dalili na farko harshe ne. Da turancin Ingilishi ta yi karatu, a nan kuwa ordonas, rahoto da takardar tura maras lafiya duk da faransanci ake rubuta su, sunayen magungunan da ke farmasinmu ma ba su ne na Kano ba. Hatta lambar haƙora sai ta saba da tamu, inda kowane haƙori ke da lamba biyu. In aka ce 36, turmin farko ne na ƙasa a hagu, wanda ke fitowa yaro yana shekara 6, iyaye su ɗauka na nono ne su bar shi ya ruɓe suna jiran ya faɗi. Kuskuren lamba ɗaya a takarda yana sa a cire lafiyayyen haƙori.

Dalili na biyu, bakin mutanen Maradi yana da nasa labari. A Tibiri, nan kusa da mu, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ya zo da sinadarin fuliwo da ya ninka ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita. Yaran da suka tashi da ruwan nan haƙoransu suka yi ja suka yi tabo, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe. Yau manya ne, suna zuwa wurinmu, ƴan mata musamman, suna rufe baki in za su yi dariya. Wanda bai san tarihin ba zai ce goro ne ko rashin wanki, ya kankare haƙorin a banza, alhali tabon a cikin ƙashin haƙorin yake. Ga karayar muƙamuƙi ta ƴan kabu-kabu. Ga shayi mai sukari sau uku a yini da alewar yara. Ga masu ɗora asfirin a kan dasashi har ya ƙone. Ga haƙorin Makka da aka sa a kan lafiyayyen haƙori ba a daidaita bakinsa ba, abinci na shiga ƙarƙashi, bayan ƴan shekaru hajiya ta zo da wari da ciwo, ta kuma ƙi yarda a cire.

Sai noma, cutar da ke cin fuskar yara. Tana kama ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da ɗan gyambo a dasashi da warin baki take farawa, cikin kwanaki kaɗan kunci ya huje. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma suna mutuwa. In an gane ta a matakin dasashi kuwa, maganin ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce ta jagoranci neman. Akwai asibitin noma a Sakkwato tun 1999, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da waɗannan yara. Mu muna tsakiyar wannan yanki. Yaron da ke da noma ba kabine mai kuɗi ake kai shi ba, asibitin gwamnati ake kai shi a goye. A can ne idonta zai koyi gane ta tun tana ƙarama.

Rajistar nan kuma tana da amfanin da ba a gani sai daga baya. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA, ƙasashe 8 masu amfani da sefa, kuma tun 2008 akwai ƙa'idar da ta ba likitan haƙori ɗan ɗaya daga cikinsu damar zuwa wata ya yi aiki, muddin yana cikin Ordre na ƙasarsa. In wata rana ta so ƙarin karatu a Dakar ko Abidjan, kan gyaran jerin haƙora ko haƙoran yara, takardar Ordre tana cikin abin da za a nema. Ta hanyarsa da tarukan ƙungiyoyi ne kuma labarin sauye-sauyen aiki ke iso mu nan, sama da kilomita 600 daga Yamai. Misali baƙin cikon nan na amalgam da muka daɗe muna amfani da shi, akwai sinadarin merkur a cikinsa. Ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage amfani da merkur, a 2022 ƙasashe suka amince a daina sa shi a haƙoran nono, da yara ƴan ƙasa da shekara 15, da mata masu ciki ko masu shayarwa, sai in likita ya ga babu makawa. Likitan da ya rufe kansa a ɗaki ba ya zuwa taro, zai shekara goma yana aiki da ilimin ranar da ya bar makaranta.

Na yi murna ƙwarai da jin mace ce. Akwai matan aure a garin nan da ke kwana da ciwon haƙori wata da watanni don ba su son namiji ya tsaya a kansu, ko maigida bai yarda ba. Akwai masu ciki da aka gaya wa ba a taɓa haƙori sai an haihu, suna shan magani barkatai, alhali ana iya yi musu aiki lafiya, musamman a watannin tsakiya, kuma barin mugunya a baki ya fi allurar kashe zafi haɗari. Waɗannan mata ita suke jira.

In ta zo hutu, ku turo mini ita da takardar haihuwarta da takardar shigarta jami'a, mu aza su gefe da gefe mu bi sunan harafi-harafi. Ta zo ranar Litinin ko Juma'a da safe, ranakun kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye suka fi cika benci, ta taho da farar rigarta.